Riyal 150, gem ɗaya: hankaka, yanyawa, ko tsohon kaset ɗin Sega?

Kwana uku bayan ƙaramar salla ɗan yayata ya zo gidana a Jidda, ya tarar da ni zaune a ƙasa na jingina da kujera, hannun gem a hannuna, ana ta fafatawa a wani gem mai suna Death's Door. Shekararsa 15, kuma saninsa da gem bai wuce ƙwallo da harbe-harben waya ba. Ya tsaya a bayana ya kai minti biyar bai ce uffan ba. Can sai na ji ya ce, "Kawu, wannan hankakan me yake yi da takobi?" Na ce rayuka yake karɓa, aikinsa ke nan, har ofis gare su da tebura. Ya yi dariya ya nemi wuri ya zauna. Kafin a kira magariba ya zaro kuɗin barka da sallarsa, abin da 'yan nan suke kira idiyya, ya ƙirga a gabana. Riyal 150 cif. "Irin wannan nake so, Kawu. Wanne zan saya?"

Soni 4 gare shi, wato na'urar gem ta PlayStation 4, wanda yayansa ya bar masa. Kuɗin nan kuma, tunda riyal 3.75 ne dala ɗaya, dala 40 ke nan. Gem ɗaya mai kyau za su saya, sai 'yan canji. Shi ya sa ban yi gaggawar ba shi amsa ba.

Sai mun fara sanin abin da yake nufi da "irin wannan". Ka hau saman soro a unguwannin Makka irin su Misfala ko Shari' Mansur, ka tsaya a kusurwa, ka leƙa tsakar gida (na gidanku nake nufi, kada wani ya je ya leƙa na maƙwabta ya ce ni na aike shi). Za ka ga daɓe, ka ga fuskar bango biyu, ka ga saman kowane abu. Haka allon waɗannan gem ɗin yake. Masu yin su suna cewa aisometirik, kalmar Girkanci ce mai nufin awo daidai, domin abu na nesa da na kusa girmansu ɗaya a allo, babu wanda yake ƙanƙancewa don ya yi nisa. A zanen injiniyoyi layukan suna karkata da digiri 30. A tsofaffin gem kuwa, da yake ɗigo-ɗigo ake jerawa, sai a tafi ɗigo biyu gefe a hau ɗaya sama, abin ya ba da digiri 26 da rabi. Ni dai kallon-soro nake ce masa, kuma haka zan ci gaba da faɗa.

Cutar wannan kallo da daɗinsa duk daga wuri ɗaya suka fito. Tunda nesa da kusa girmansu ɗaya, ido ba ya iya rarrabe dutsen da yake rataye a sama da wanda yake can baya a ƙasa. Wuri ɗaya suke zama a allo. Tsofaffin gem sun sa ka tsalle a cikin wannan ruɗani, ka yi ta faɗawa rami kana zagin kanka. Sababbin sun gano bakin zaren: Tunic da Death's Door da Hades, dukansu ukun babu maɓallin tsalle. Mirginawa ce ko zabura gefe. Wanda ya riƙe wannan bambancin ya gama rabin zaɓensa, domin saura tambaya ɗaya: wace irin wahala ce kake iya haƙuri da ita? Faɗawa rami, ɓata hanya, ko mutuwa sau hamsin?

Tsofaffin tukuna. A 1982 Zaxxon na Sega da Q*bert suka fito da wannan kallo a injinan da ake jefa wa sulalla. Amma wanda ya mai da shi gida mai ɗakuna da ƙofofi, a shiga a yi bincike, shi ne Knight Lore na 1984. Wasu 'yan'uwa biyu ne a Ingila, Tim da Chris Stamper, suka yi shi a kamfaninsu Ultimate Play the Game, su ne kuma daga baya suka zama kamfanin Rare. Ɗaki 128 suka cusa a kwamfutar ZX Spectrum mai ƙwaƙwalwar kilobait 48, abin da hoto ɗaya mai kyau a wayarka ya fi shi nauyi. Jarumin yana da kwana 40 ya tattaro abubuwa 14 ya jefa a tukunyar boka, kuma duk dare sai ya rikiɗe kyarkeci, kamar yadda a labaranmu mutum yake rikiɗa kura. In rikiɗar ta same ka kana tsakiyar tsallaka ƙayoyi, sai dai wani ba kai ba.

Mu a nan ba Spectrum muka sani ba, Sakhr muka sani, kwamfutar nan ta MSX mai haruffan Larabci wadda kamfanin Al-Alamiyya na Kuwait ya baza a gidajen yankin nan a shekarun 1980. An yi Knight Lore na MSX, haka ma Head over Heels na 1987, aikin Jon Ritman da Bernie Drummond. A ɗakin wani ɗan baffanmu a Makka na fara ganinsu, ina ƙarami, ba a ba ni hannu sai kallo. Head over Heels ya fi wayo nesa ba kusa ba. Halittu biyu kake sarrafawa, ɗaya gwanin tsalle mai harbi da dunƙulen cincin, ɗaya gwanin gudu mai jakar ɗaukar kaya, in sun haɗu sai ɗaya ya hau kan ɗaya su zama abu guda. Ɗakunansa sun kai wajen 300.

To amma gaskiya ɗaya ce: ba zan ce wa yaro ɗan 15 ya kashe idiyyarsa a kansu ba. Knight Lore yana jan ƙafa da zarar kaya sun yi yawa a ɗaki, babu wurin ajiye ci gaba, rayuka suka ƙare ka koma farko. Mai Xbox zai same shi a cikin tarin Rare Replay na 2015, ya buga rabin awa ya ga inda aka faro, ya wadatar.

Landstalker daban ne, kuma a kansa zuciyata take karkata, na faɗa tun yanzu kada a ce na ɓoye. Kamfanin Climax ya yi shi wa Mega Drive, na'urar gem ta Sega, ya fito a Japan a 1992, ya iso Turai da Amurka a 1993. Namu kaset ɗin daga gwanjo ya zo, ba kwali ba littafi, an rubuta sunan wani yaro da biro a bayansa. Kai ne Nigel, mafaraucin dukiya, tare da wata 'yar mitsitsiyar aljana mai fukafukai, Friday, wadda take zaune a jakarka tana tsiwa. Dukiyar Sarki Nole kuke nema a tsibirin Mercator. Akwai garuruwa da kasuwa da mutane masu surutu, akwai barkwanci, akwai wani ganye EkeEke wanda in ka faɗi Friday take ba ka ka farfaɗo. Ajiye ci gaba kuma sai ka shiga coci ka ɗauki littafi ka ajiye a gaban limaminsu ya rubuta. Mu lokacin "malamin rajista" muke ce masa.

Wahalarsa iri biyu ce. Ta farko a babban yatsa take. Duniyar a karkace take, kibiyoyin hannun Sega kuwa sama da ƙasa da hagu da dama ne, don haka kusurwa-kusurwa kake dannawa, har yatsa ya yi kanta. Ta biyu ita ce wadda ta sa mutane da yawa suka jefar da shi: Nigel ba shi da inuwa a ƙasa in ya yi tsalle, duwatsun da suke shawagi ma haka. Ka ga dandamali a gabanka, ka rantse taku ɗaya ne, ka daka tsalle, ashe yana can sama ta hagu. Ka faɗo hawa biyu, ka sake zagayowa ta tsani, dodannin da ka kashe sun dawo. Akwai wani daji, Greenmaze, wanda ni da yayana muka yi hutun makaranta guda muna zagaye a cikinsa, bishiyoyi sun rufe hanyoyin, har muka zana taswirarsa a bayan kalanda. Akwai kuma kacici-kacicin kushewar Mercator da aka rubuta da Turanci, mu kuma Turancin namu a lokacin bai wuce "yes" da "no" ba.

Abin da ya sa har yau nake saka shi a lissafi shi ne an samo maganin cutarsa. Tarin Sega Mega Drive Classics da ya fito wa Soni 4 a 2018, mai gem sama da 50, yana da Landstalker a ciki, kuma yana da maɓallin mayar da lokaci baya. Ka faɗi, ka danna, ka koma bakin ramin ka sake gwadawa. Sega ta janye tarin daga wasu shagunan intanet a ƙarshen 2024, amma faifansa yana yawo a hannun 'yan gwanjo, a manhajar Haraj ko kasuwar Sawarikh da ke kudancin Jidda in mutum yana da ƙafar yawo. Mai na'urar Switch kuma zai same shi a cikin babban rajistar Nintendo ta shekara, ita ma da mayar da lokacin. A tarin Sega ɗin nan akwai Light Crusader na kamfanin Treasure, 1995, gajere, kurkuku ɗaya ne a ƙarƙashin gari ɗaya, tura duwatsu ya fi faɗa yawa a cikinsa. Kyauta ce a kan ciniki, ba don shi za a sayi faifan ba.

Sauran tsofaffin zan wuce su da sauri. Little Big Adventure na 1994, aikin Frédérick Raynal a Faransa, labarinsa ya fi na Landstalker daɗi: wani saurayi Twinsen yana gudun wani azzalumin mai mulki. Sai dai dole ka riƙa sauya masa hali guda huɗu, tafiyar lafiya, gudu, faɗa, sanɗa, kuma a na asalin in kana gudu ka yi karo da bango sai jininka ya ragu. An sabunta shi a 2024. Desert Strike na 1992 kuwa, jirgi mai saukar ungulu a hamada shekara ɗaya bayan yaƙin Kuwait, duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar nan ya san shi, amma harbi ne zalla, ba cikin dangin da muke magana yake ba.

Yanzu sababbin, inda kuɗin yaron za su tafi.

Death's Door shi ne na hankakan. Ya fito a Yulin 2021, ya iso Soni da Switch a Nuwamban shekarar. Acid Nerve suka yi shi, kamfanin da ginshiƙansa mutum biyu ne a Manchester, Mark Foster da David Fenn. Kai ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin karɓar rayuka, ofis baƙi da fari mai layi da takardu, wanda duk mai zuwa sabunta iƙama, takardar izinin zama, zai ji kamar ya taɓa shigarsa. An sace maka ran da aka aike ka ɗaukowa, sai ka nemo manyan rayuka uku kafin ka huta: wata tsohuwa mai sihirin tukwane, sarkin kwaɗi, da wata dabbar dusar ƙanƙara.

Faɗansa a tsabtace yake. Jininka ɗigo huɗu ne a farko, kowane duka ɗigo ɗaya yake ci, ko na ƙaramin dodo ne ko na bos, wato babban dodo, saboda haka kullum ka san inda kake. Kana da baka da wuta da bam da ƙugiya, amma ban da ƙugiyar, sauran suna ƙarewa kuma ba sa cika da kansu, sai ka matsa kusa ka kai sara da takobi. Wannan dabara ita ce ta hana mutum laɓewa daga nesa yana harbi kamar matsoraci. Magani kuma ba a jaka yake ba. Iri kake tsinta, ka shuka a wasu tukwane da aka ajiye a hanya, fure ya fito ka ci. Kullum kana lissafi: in shuka a nan, ko in riƙe sai gaba? In ka mutu ba a ƙwace maka komai, ƙofar ƙarshe kawai za ka koma, kuma gajerun hanyoyin da ka buɗe suna nan a buɗe.

Aibinsa biyu. Ba shi da taswira ko kaɗan, in ka ajiye shi mako guda ka dawo sai ka tsaya kana tunanin ta ina aka shigo. Sannan makamansa ba su bambanta sosai ba, takobin farko zai iya kai ka ƙarshe. Har akwai wata lema da aka yar a ofis, rabin ƙarfin takobi gare ta, an tanadi lambar yabo ga duk wanda ya gama gem ɗin da ita kaɗai. Na gwada, na ajiye. Wajen awa 10 ake gama shi, farashinsa dala 20, riyal 75 ke nan kafin haraji.

Hades na Supergiant ya fi shi suna nesa. Ya kammala fitowa a Satumban 2020, ya zo Soni a Agustan 2021, shi ne kuma gem na farko da ya ci kyautar Hugo, wadda aka saba bai wa marubuta. A hannu babu wanda ya kai shi daɗi a cikin duk waɗanda na ambata, wannan ba gardama. Jarumin, Zagreus, yana son tserewa daga gidan ubansa a ƙarƙashin ƙasa, yanki huɗu zai ratsa, makamai shida zai zaɓa daga ciki, ɗakunan kuma suna sauyawa duk fita. Ka mutu ka koma gida, ka ƙara ƙarfi, ka ji sabuwar hira, ka sake fita. Fita ɗaya ba ta cika wuce minti 40 ba, shi ya sa ya dace da mai Switch a jirgin ƙasan Haramain: daga Makka zuwa Madina awa biyu da 'yan mintuna, fita uku ke nan ka sauka. Ga wanda hannunsa bai faɗa ba akwai sassauci a saituna: ana rage maka zafin duka da kashi 20 cikin 100, duk mutuwa a ƙara 2, har ya kai 80.

Duk da haka ban sa shi a gaba ba, saboda dalili uku. Na farko, ba gem ɗin bincike ba ne. Babu wata duniya da za ka haddace lungunanta, ɗakunan faɗa ne a jere, kuma sai ka tsere sau 10 kafin labarin ya kai inda aka nufa. Na biyu, rabin daɗinsa a hira yake, kalmomi sama da 300,000 na Turanci mai habaici da zolaya. Yaron da ya yi karatunsa da Larabci zai riƙa danna wucewa, ya bar naman ya sha romo. Na uku kuma sai an faɗa: labarin gumakan Girkawa ne gaba ɗaya, Zeus da Poseidon da sauransu, su ne suke aiko maka da taimako. Wani gidan za a ɗauke shi tatsuniya kamar ta Gizo da Ƙoƙi, wani gidan ba za a yarda a kunna shi a falo ba, kuma na san yayata. Shi ma na hankakan ai wasa ne da zancen ɗaukar rai, sai dai shi barkwancinsa a fili yake. Kowa ya san gidansu. Dala 25 ne, wajen riyal 94. Na biyunsa ma ya kammala fitowa a 2025, amma wanda bai buga na farko ba babu abin da zai kai shi can.

Tunic ne ya ba ni wahalar yanke hukunci. Wani ɗan Kanada, Andrew Shouldice, ya fara shi shi kaɗai a 2015, bai fito ba sai Maris 2022, ya iso Soni da Switch a Satumba. Wani ɗan yanyawa ne, ko dila in ka ga dama, ya farka a bakin teku ba takobi ba garkuwa. Sanda zai fara tsinta. Babu wanda zai ce maka je ka gabas ko yamma. Allunan hanya ma da wani rubutu aka yi su wanda babu shi a duniya.

Abin da ya raba shi da kowa shi ne littafinsa. A da kowane kaset yana zuwa da ɗan littafin bayani mai zane-zane. Tunic ya ɗauki irin wannan littafi mai shafi 56, ya yayyaga shi, ya watsa a cikin duniyar gem ɗin. Kana tafiya kana tsintar warƙa ɗaya-ɗaya, ba a jere ba, kamar kundin tsohon malami da iska ta kwashe daga gafaka. Yawancin rubutun da baƙin haruffan nan ne, sai kalma ɗaya ko biyu da za ka iya karantawa, sai zane, sai wani ɗan rubutun biro a gefe kamar wani ya riga ka mallakarsa, har da tabon kofi. Ka ƙura wa shafi ido, can sai ka gane ashe wani abu da kake iya yi tun minti na farko ne ake nuna maka, ba ka dai sani ba. Ba sabon makami aka ba ka ba, sani aka ba ka.

Ranar da na fara tsintar shafi na uku sai da na ajiye hannun gem ɗin. Wannan ai mu ne. Mu ne yaran da aka kawo wa kaset na Japananci ko Turanci, muna zaune mu biyar gaban talabijin ɗaya, muna fassara hoto da ka, wannan ya ce maɓalli ake nufi, wancan ya ce a'a, kifi ne. Mutumin da ya yi gem ɗin ya gina wannan rashin fahimtar da gangan, abin da mu talauci da nisan kasuwa suka ba mu kyauta. A nan rashin Turanci ba naƙasu ba ne sosai, domin Baturen ma a duhu yake.

Kuma shi ne ya mai da cutar kallon-soro ta zama dukiyarsa. Abin da bango ya kare maka a Landstalker tsautsayi ne, a Tunic kuwa da niyya aka ɓoye. Bayan kusan kowane dutse akwai wata siririyar hanya da kusurwar kallo ta rufe. Sai ka sha wahalar awa guda ka zagayo wani wuri, ka fito ta wani lungu, ka ga ashe taku goma ne daga inda ka fara, hanyar tana nan tun farko ba ƙofa ba kwaɗo. Daga ranar za ka koma kana goga jikin yanyawan a kowane bango kamar akuya mai ƙaiƙayi.

Inda ya gaza shi ne faɗa. Akwai ma'aunin numfashi da yake ƙarewa in ka cika mirgina, in ya ƙare kuma duka ya fi yi maka illa. Bos-bos ɗinsa suna da zafi fiye da yadda kyan zanen yake nunawa, kuma sarrafa shi bai kai na hankakan santsi ba. Sun san da haka, shi ya sa suka sa wani zaɓi a saituna wanda yake hana mutuwa gaba ɗaya. Ni ban ga abin kunya a kunna shi ba, don ba faɗan ne ya kawo ka ba. Sannan kashi na ƙarshe na gem ɗin sai da takarda da biro, kuma duk wanda ya leƙa YouTube don neman amsa ya zubar da kuɗinsa da hannunsa, tunda amsar ita ce kayan da ya saya. Awa 12 zuwa 20, gwargwadon naci. Dala 30, wajen riyal 112. Ya ci kyautar BAFTA biyu, lambobin yabo na Birtaniya, a 2023.

Duk waɗannan na mutum ɗaya ne, gidajenmu kuwa ba a rasa ƙane mai jiran a miƙo masa hannu. In rigimar ke nan, Lara Croft and the Guardian of Light na 2010 shi ne gwani. Lara tana da igiya mai ƙugiya, abokin tafiyarta Totec yana da mashi da garkuwa. Ya cilla mashi a bango ta taka ta hau, ya ɗaga garkuwa ta yi tsalle a kai, ita kuma ta miƙa masa igiya ya tsallaka. Ba mai wucewa sai da ɗan'uwansa, don haka ko a yi shiri ko a yi faɗa. Sai dai babu shi a Soni 4. Akwai shi a kwamfuta, da Switch cikin tarin da ya fito a 2023. Wanda yake Soni 4 shi ne ƙanensa, Temple of Osiris na 2014, a Masar aka kafa labarinsa, mutum huɗu suna iya bugawa, amma bai kai na farkon tsari ba, in an cika huɗu ma sai ka rasa wanne ne kai a allo. Ga yara ƙanana Minecraft Dungeons na 2020 ya fi, shi ma huɗu a talabijin ɗaya, ba jini ba tashin hankali. Diablo kuwa, tun na farko har na huɗu da ya fito a 2023, na manya ne, cike yake da zanen shaiɗanu, na huɗun kuma ba ya tashi sai da intanet. Ban ma kawo masa zancensa ba. Wanda ba shi da komai sai waya ya nemi Oceanhorn, ba laifi.

Gargaɗi ɗaya kafin a biya kuɗi, don na ga an yi asara a kan idona. Yawancin yaran nan asusun Amurka ne a Soninsu, wasu na Saudiyya. Katin da za ka saya a kanti dole ya dace da ƙasar asusun, in ba haka ba lambar ba za ta shiga ba, kuma wanda ya kankare kati ya saya. A duba kafin a kankare. Waɗannan gem ɗin kuma ana yawan karya farashinsu, wani lokaci har rabi, mai haƙurin mako biyu ko uku yana iya samun biyu a kuɗin ɗaya.

Ga abin da na ce masa da ya dawo ranar Juma'a. Death's Door ya fara saya. Shi ne wanda ba zai ɓatar da shi har ya gaji ba, ba zai kashe shi har ya yi fushi ba, Turancinsa kaɗan ne, zai kuma bar masa rabin kuɗinsa. In ya gama ya ji yana son faɗan ya fi haka zafi, Hades, bayan ya nemi izinin uwarsa. In kuwa abin da ya fi burge shi shi ne lungunan da ya gano da kansa, to Tunic. Landstalker kuma ya zo gidana ya buga, ina da faifan, ina kuma son in ga fuskarsa a Greenmaze.

Ya ce to, Kawu. Ya tafi ya sayi Tunic, wai yanyawan ya fi kyau.

Bayan kwana goma wayata ta yi ƙara ana idar da isha'i. Yaya ce, ko gaisuwar kirki babu. "Kai auta, me ka koya wa yaron nan?" Na ce lafiya? Ta ce ta ɗauki littafin lissafinsa za ta duba aikin gida, ta tarar da shafi huɗu na baya cike da wasu zane-zane masu kusurwa shida, layi-layi, an ja musu kibiyoyi, an rubuta haruffan Larabci a ƙarƙashin wasu. Ta ɗauka hatimi ne wani ya ba shi, har ta kai wa Hajiya ta gani. Ina cikin yi mata bayani na jiyo muryarsa daga nesa yana cewa a tambayi Kawu ko ya samu shafi na 49, kuma in ya samu kada ya faɗa masa abin da ke ciki.